Tausayi da Mutunci: Karanta Littafin Barbara Cooper daga Magarya da Dungas

A shekarar 2006 ne maɗaba'ar Jami'ar Indiyana ta Amurka ta fitar da littafin Barbara Cooper mai suna Evangelical Christians in the Muslim Sahel, wato tarihin Kiristoci masu wa'azin bishara a yankin Sahel na Musulmi. A shekarar da ta biyo baya littafin ya ci kyautar Herskovits, wadda a lokacin ƙungiyar masu nazarin Afirka ta Amurka kan ba aikin da ya yi fice. Marubuciyar masaniyar tarihi ce da ke Jami'ar Rutgers a lokacin, ta kuma daɗe da sanin ƙasar Hausa ta Nijar, domin tun 1997 ta wallafa wani littafi a kan aure a Maraɗi. A wannan karon ta bi sawun ƙungiyar mishan ɗin nan da a can baya ake kira Sudan Interior Mission, ko SIM a taƙaice, tun daga saukarta Damagaram a 1924 har zuwa farkon ƙarnin nan.

Idon littafin yana kan Maraɗi da Tsibiri. Amma duk malamin da ya taɓa riƙe alli a Magarya ko Dungas zai ga kamar da garinsu ake, domin Dungas na cikin garuruwan da SIM ta kafa tasha tun zamanin mulkin mallaka, kuma har yau akwai gidajen Hausawa Kirista a can, waɗanda ƴaƴansu ke zama kan benci ɗaya da ƴaƴan liman a lakwal. Saboda haka tambayar da ke kwance a ƙarƙashin shafukan littafin ta shafi wannan yanki kai tsaye: yaya mutum zai tausaya wa wanda ya riga ya yanke wa hukuncin cewa ɓatacce ne, kuma yaya shi wanda ake tausaya wa yake jin abin a ransa?

Hausa tana da abin faɗi a nan wanda Ingilishin marubuciyar bai kamo duka ba. Tausayi hali ne na ƙwarai, babu mai musu, sai dai kamar ruwa yake, gangare yake bi. Ana tausaya wa maraya da makaho da majinyaci da matar da aka kora da goyo. Amma a kira magidanci mai gona da iyali “abin tausayi” a bainar jama'a, rabin zagi ne, kuma zai iya riƙe maganar har ya mutu. Abin da magidanci ke nema daga baƙo shi ne mutunci, wato a gaishe shi da sunansa, a zauna a tabarmarsa, a sha furar da ya miƙo, a saurari abin da ya sani kafin a gaya masa abin da bai sani ba. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, ya lissafa mutunci cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Idan aka karanta tarihin da Cooper ta tattara da wannan ma'auni, sai a ga ƴan mishan na farko sun zo da tausayi mai yawa, har wasunsu suka bar ƙasusuwansu a ƙasar, amma mutunta imanin mutanen da suka tarar ya ɗauke su shekaru masu yawa, wasu ma ba su kai gare shi ba.

Zancen barin ƙasusuwa kuwa gaskiya ne tsurarta. Samari uku ne suka fara tafiyar a 1893: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko sun rasu a 1894 ba su ga komai na abin da suka fito nema ba, Bingham kaɗai ya koma gida ya sake shiri. Mutanen da ke da irin wannan naci ba a raina niyyarsu. Cooper ba ta raina ta ba, kuma wannan yana cikin kyawun littafin. Abin da ta nuna, ta hanyar wasiƙunsu da mujallun da suke aika wa masu ba su gudummawa a Amurka da Kanada, shi ne yadda suke kallon Musulunci a farkon lamari: aikin Shaiɗan, duhu da ya rufe mutane, abokin gaba da za a ci da yaƙi. Daga baya harshen ya yi laushi, aka koma kallon addinin a matsayin wata matsala ta zaman jama'a. Laushin ya rage zafi, amma a duka fuskokin biyu Musulmi yana nan a mazaunin wanda za a yi wa magani.

A nan ne mai karatu daga kudancin Damagaram zai yi murmushi. Wane ne yake nesa da imani a ƙasar da ladan ke tada gari tun da asuba? Daga Magarya zuwa Waca, daga Dungas zuwa Dogo-Dogo da Malawa, da wuya a sami ƙauyen da ba a jin ƙarar yara a kan allo da daddare, kuma tun kafin a ja iyakar da ta raba yankin da Ɓaɓura da Maigatari almajirai ke ratsa ta zuwa Kano da Gabas neman karatu. Ko Arna, waɗanda ƴan mishan suka ɗauka su ne za su fi saurin karɓar wa'azi, sun san sunan Allah kafin zuwan kowa, kuma ba su yi tururuwar da aka zata ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da littafin ya bayyana, wanda zai ba mutane da yawa mamaki, shi ne cewa da dama daga cikin masu bi na farko daga gidajen Musulmi suka fito, wasunsu ma sun yi karatun allo, kuma muhawara a kan littattafai da annabawa ce ta jawo su.

Babin da ya fi kowane armashi ga malamin harshe shi ne wanda ya yi magana a kan yadda aka gina Hausar ibada ta Kirista. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya yana kan gaba cikin waɗanda suka yi aikin. Duk wanda ya buɗe shi zai tarar da Allah da annabi da mala'ika da addu'a da zunubi da tuba da Attaura da Zabura. Waɗannan kalmomi duka ta hannun malaman Musulunci suka shigo Hausa daga Larabci, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Miller. Ke nan mai wa'azin da ya tsaya a kasuwa yana gaya wa jama'a cewa sun yi nisa da Allah, da kalmominsu na ibada yake faɗar hakan, don ba shi da wasu. Ya ari riga daga mai gida, sannan ya ce mai gida tsirara yake. Masu fassara sun ji nauyin wannan aro, shi ya sa suka nemi inda za su ja layi, kuma suka ja shi a kan suna: fassarar ta ɗauki Yesu ta bar Isa, sunan da kowane yaro a makarantar allo ya sani. Masu goyon bayan zaɓin suna da hujjarsu, cewa Isan da Musulmi ya sani bai yi daidai da wanda majami'a ke bauta wa ba. Amma sakamakonsa a kunnen mai sauraro shi ne annabin da ya saba girmamawa ya dawo masa da baƙon suna. Fassarar da aka sabunta a ƙarshen shekarun 1970 ta ɗan matso, ta sa Almasihu a inda ta farko ke cewa Kristi.

Sai batun magani. SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kuma buɗe wurin jinyar kuturta a Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. A lokacin da dangi ke ware wa kuturu ƙwarya da buta, waɗannan baƙi suna kama hannunsa suna wanke gyambonsa. Babu malamin tarihin da zai share wannan. Cooper ta nuna cewa a idon shugabannin mishan magani bara ne ga bishara: amfaninsa shi ne ya tara mutane inda za su ji wa'azi, kuma kullum ana fargabar kada aikin jinya ya girma ya shanye aikin ceton rai. Majinyata kuwa ba yara ba ne. Sun gane cinikin sarai, suka zauna suka saurari wa'azin da ladabi kamar yadda ake sauraren mai gida, suka karɓi allura, mafi yawansu suka koma gida da addininsu. Mutanen Magarya sun ga wani salon jinya daga baya, tun da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aiki da yara a garin a 2005. A daminar 2018, lokacin da zazzaɓin sauro da tamowa suka haɗu, yaran da ke kwance a sashenta sun haura ɗari bakwai a lokaci guda, kuma babu uwar da aka nemi ta saurari komai kafin a duba ɗanta. Kwatancen bai rage darajar Galmi ba, ya dai sa tambayar ta fito fili: alherin da ke ɗauke da wata buƙata a bayansa, yaya sunansa a wurin mai karɓa?

Inda littafin ya fi taɓa zuciyar malamai shi ne rikicin makaranta, kuma a nan ne ya fi kyau a daɗe. Gwamnatin Faransa ta mulkin mallaka ta ɗora sharaɗi cewa duk makarantar da za a amince da ita sai ta koyar da Faransanci, da malamai masu takardar da ta yarda da ita. Ƴan SIM masu jin Ingilishi ne, kuma a ra'ayinsu abin da mai bi ke buƙata shi ne ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da harshensa. Suna tsoron cewa Faransanci zai sa yaro ya zama akawu mai girman kai, ya bar gona, ya bar majami'a. Su kuma Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba, har ta kai a zamanin Vichy, farkon shekarun 1940, ana yi musu kallon ƴan leƙen asirin Ingila. Tsakanin waɗannan giwaye biyu ciyawa ce ta sha wuya. Ƴaƴan masu bi suka iya karanta Hausa da boko tun kafin ƙasar ta san darajar hakan, amma ƙofar aikin gwamnati ta daɗe a rufe gare su, yayin da mishan ɗin Katolika, wadda ke Damagaram tun shekarun 1940, ta buɗe makarantun Faransanci da ƴaƴan Musulmi ma suka yi ta shiga. Iyayen yara ne suka yi ta matsa wa ƴan mishan lamba a kan makaranta, kuma wannan matsi yana cikin tushen saɓanin da ya daɗe tsakanin mishan da ikilisiyar ƴan ƙasa, wato EERN, wadda ta tsaya da ƙafarta a daidai lokacin samun ƴancin kai.

Malamin Hausa zai tsinci kansa a tsaka mai wuya a wannan babi. A gefe guda ƴan mishan sun yi gaskiya da suka ce yaro ya fi gane karatu da harshen uwa, gaskiyar da gwamnatin Nijar ta fara gwadawa a makarantun gwaji tun 1973, a Damagaram. A ɗaya gefen kuma, su ne suka zaɓar wa mutane iyakar abin da ya kamace su su sani, alhali nasu ƴaƴan ana kai su makarantu masu kyau. Tausayin da ke yanke wa mutum rabonsa ba tare da an tambaye shi ba, shi ne ainihin abin da Bahaushe ke gudu a kalmar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin sun faɗa tun da wuri, sai dai an daɗe ba a saurare su ba.

Haka abin yake a zancen aure. Dokar mata ɗaya ta sa magidancin da ya karɓi sabon addini da mata biyu ya zaɓi tsakanin cikakken matsayi a majami'a da uwar ƴaƴansa. Baƙon da ya kafa dokar zai koma ƙasarsu hutu, shi kuwa mai bi yana nan da surukai da gado da makabarta. Wannan ne ya sa, a fahimtar da za a iya ɗauka daga littafin, aikin kusantar mutane na haƙiƙa Hausawa Kirista ne suka yi shi, don su ba su da zaɓin kallon Musulmi daga nesa. Musulmin nan kawu ne, ko gwaggo, ko wanda aka yi kaciya tare da shi. Ana zuwa sunansa da jana'izarsa, yana aiko da naman layya, ana aika masa da abincin Kirsimeti. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ƴan ƙasa ce ta yi tafiyar.

Akwai wuri ɗaya da mishan ta koyi sauraro da kanta, kuma littafin ya ba shi babi. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa a yankin Maraɗi, sai ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, abin da suke buƙata kawai a rage musu rassa a bar su su tashi. Dabarar da aka sani da sassaben zamani ta bazu har ta kai miliyoyin eka, shi kuma aka ba shi kyautar Right Livelihood a 2018. Amma mutumin Magarya yana da ƙarin bayani a kan wannan labari. A gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya, inda binciken 2006 ya ƙiyasta gonakin da suka sake tsirar da itatuwa da kusan hekta miliyan ɗaya, gawo ne ya fi yawa, kuma manoman yankin sun san amfanin gawo tun kaka da kakanni, har ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan Damagaram, musamman Tanimun, ke yi wa mai sare shi. Abin da ya yi nasara a nan shi ne wanda aka gina a kan sanin da mutane ke da shi tuntuni. Da an yi wa imaninsu irin kallon da aka yi wa kututturan gonarsu, da tarihin ya ɗauki wata hanya.

Cooper ta buɗe littafinta da tarzomar Maraɗi ta watan Nuwamban 2000, wadda ta tashi a kan bikin nuna tufafi na FIMA, ta kuma faɗa wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da majami'ar Vie Abondante da harabar SIM. Ta yi adalci da ta nuna cewa wa'azin rediyo mai zafi na sababbin majami'u, wanda bai damu da kunnen maƙwabci ba, ya taimaka wajen ɗumama gari, ba tare da ta wanke masu ƙone-ƙone ba. Littafin ya riga ya fito da shekara tara lokacin da abin ya maimaitu da muni. Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, fushin zanen jaridar Charlie Hebdo ya sauka a kan mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba. Mutum goma suka rasu, biyar a kowane gari, kuma ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Kiristocin Nijar, waɗanda ba su kai ɗaya bisa ɗari ba a ƙidayar 2012, su ne suka zama abin tausayi a ranar. A cikin waɗanda suka ɓoye su a ɗakunansu har wuta ta lafa akwai maƙwabtansu Musulmi. Mai karanta Linjila zai tuna cewa a misalin Basamariye, cikin Luka sura ta 10, wanda ya tsaya ya ɗaure raunin matafiyi shi ne mutumin da masu sauraro ke ɗauka ya kauce wa addinin gaskiya. Masu wa'azi sun saba sa kansu a mazaunin Basamariyen. A Janairun 2015 su ne kwance a gefen hanya.

Littafin yana da nasa giɓi. Muryar ƴan mishan tana da ƙarfi a cikinsa saboda sun bar takardu, muryar masu bi tana nan saboda marubuciyar ta zauna da su, amma malamin zaure da ya ƙi wa'azin, da matar da ta sha maganin Danja ta koma ga sallarta, ba a ji su yadda ya kamata ba, alhali su ne mafi rinjaye cikin waɗanda aka zo dominsu. Katolika ma, waɗanda tun bayan sanarwar Nostra Aetate ta 1965 suka ɗauki hanyar girmama Musulunci a hukumance, sun cancanci kwatance mai faɗi fiye da wanda suka samu. Sannan gabas tana gefe. Tarihin Maraɗi, garin Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato, ya bambanta da na ƙasashen Sosebaki da Daura ta arewa da suka shiga ƙarƙashin Damagaram, kuma abin da ya sa bishara ta sami gindin zama a Dungas labari ne mai zaman kansa da ke jiran marubucinsa.

Babban giɓin kuwa na harshe ne. Da Ingilishi aka rubuta littafin, harshen da mafi yawan jikokin mutanen da ke cikinsa ba sa karantawa, kuma mafi yawan malaman Magarya da Dungas ma sai da ƙamus a gefe. Babin Hausar ibada da babin makaranta kaɗai, in aka juya su zuwa Hausa, sun isa taron ƙara wa juna sani na kwana biyu ga kowace ƙungiyar raya al'adu. Ƙungiyoyin nan suna da abin da marubuciyar ba ta da shi, wato suna iya sallama a zauren limami da safe, su sha ruwa a gidan fasto da yamma, a unguwa ɗaya. Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana da makarantun sakandare da malamai masu wayar ɗaukar magana a aljihu. Yaran da suka ga ƴan mishan da idonsu a 1950, Musulminsu da Kiristansu, waɗanda suka rage a cikinsu sun haura shekara tamanin.